Motar Ummi da lambar da ke ƙasan gilashi

Tsohuwar motar da Ummi ta yi shekara huɗu tana zuwa makaranta da ita ta ce ga garinku nan a farkon hunturun bana. Injin lafiyarsa ƙalau, ni nake lallaɓa shi. Gishirin da ake watsa wa titunan Michigan don narkar da ƙanƙara ne ya cinye ta ta ƙasa. Na ɗaga ta a gareji, na danna yatsa a ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, yatsa ya wuce kamar a jiƙaƙƙen kwali. Na sauke ta na ce, "Ummi, wannan kam sai haƙuri." Ga shi makonta biyu ke nan da fara aikin jinya a wani asibiti, aikin dare, tafiyar mil 18. A yankin nan wanda ba shi da mota ba shi da ƙafa.

Shekarata 21 ina kanikanci a bayan garin Detroit. Mota ce ta gina garin nan, ita ce kuma ta durƙusar da shi, kuma duk wanda ya daɗe a cikinsa sai wani irin kishi ya shige shi bai sani ba. Shi ya sa na ce mata sabuwa za mu saya, kuma 'yar gida: Ford, ko Chevrolet, ko ɗaya daga cikin na gidan Chrysler. Ta kawo nata, na kawo nawa, mahaifiyarta ta zaro wani abu daga inda ba mu san tana ajiya ba, ya tashi dala 25,000. Ranar Asabar muka fita.

Wurin dillalin farko da muka shiga, a-kori-kura ce jere tun daga bakin titi har bango, kowacce bonet ɗinta ya kai mini ƙirji. Na leƙa takardar farashin da ke manne a gilashin ɗaya: dala 67,000 da 'yan kai. Yaron da ya tare mu, mai fara'a da shi, bai tambayi nawa muka zo da shi ba. Cewa ya yi nawa za mu iya zubawa a wata. Da na ce kuɗi hannu za mu biya, ƙaramar salun muke so, sai ya yi murmushin wanda aka tambaya ko yana sayar da kaset. Ya ce ai an daina. Ya ja Ummi wajen wata jif ta dala 36,000 yana buga mata lissafin biyan wata 84. Shekara bakwai fa ke nan. Ni da kuɗin ruwa dama ba ma ga maciji, amma ko a ajiye maganar addini, na san kamannin mota 'yar shekara bakwai a jihar nan, tunda ni nake kwanciya a ƙarƙashinta.

Ummi ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Baba, mu tafi. Wannan ba kasuwarmu ba ce."

Maganar ta tsaya mini a rai har yau, don ba ita kaɗai aka kora daga kasuwar ba. A watan Satumbar 2025, matsakaicin kuɗin sabuwar mota a Amurka ya haura dala 50,000 a karon farko, bisa ƙididdigar Kelley Blue Book. A 2019 bai kai 40,000 ba. Cikin masu sayen sabuwa da bashi, kusan mutum ɗaya cikin biyar dala 1,000 ko fiye yake zubawa duk wata, ban da inshora, ban da mai. Sai mutane suka rungumi tsofaffinsu, har matsakaicin shekarun motar da ke kan titi a ƙasar nan ya kusa 13. Ba zan ɓoye ba, wannan ciniki ne a gare ni, garejinmu bai taɓa cika irin na 'yan shekarun nan ba. Sai dai ba ciniki ne mai daɗi ba, ka ga mace da yara uku a kujerar baya tana roƙonka ka ɗaure mata salansa da waya ta kai ƙarshen wata.

Ana yawan ɗora wa korona laifin tsadar nan, da ƙarancin 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke aiki a ƙwaƙwalwar mota, wanda ya tsayar da masana'antu a 2021. An yi haka, da idona na ga filaye maƙil da sababbin motoci suna jiran ƙwaya ɗaya da ba ta fi farce girma ba. Amma darasin da kamfanonin suka ɗauka a lokacin shi ne matsalar: sun ƙera kaɗan, sun zaɓi masu tsada, riba kuma ta fi ta da. Wanda ya lashi wannan zumar da wuya ya koma. Kuma tun kafin korona sun riga sun juya wa ƙaramar mota baya. Fiat Chrysler ne ya fara, ya kashe Dodge Dart da Chrysler 200 wajen 2016. A Afrilun 2018 Ford ya sanar zai bar ƙera salun don kasuwar Arewacin Amurka in ban da Mustang, sai Fiesta da Focus da Taurus da Fusion suka bi juna. GM, wato General Motors mai Chevrolet, ya rufe masana'antar Lordstown a Ohio, inda ake yin Cruze, a Maris ɗin 2019, Malibu kuma ta yi sallama a ƙarshen 2024. 'Yan masu sauƙin da suka rage, ka duba inda aka haife su. Chevrolet Trax, wadda muka gani a wuri na biyu kuma kuɗinmu ya kai, daga Koriya ta Kudu ake kawo ta. Ford Maverick a Hermosillo ta Meksiko ake yin ta, kuma ita ma da ta fito a 2021 a kan dala 19,995 ne, yanzu ta doshi 28,000.

In hanya ta bi da ni ta titin Woodward nakan ga tsohuwar masana'antar Ford ta Highland Park, jan bulo, shiru kamar ba a taɓa komai a ciki ba. A nan aka fara layin haɗa mota mai tafiya a 1913. Model T ta fito a 1908 a kan dala 850, kafin 1925 ta sauko 260, kuma a 1914 Henry Ford ya mayar da ladan ma'aikaci dala 5 a yini. Duk abin da za a faɗa game da halin mutumin, kuma akwai abin faɗa, kasuwancinsa a kan abu ɗaya ya tsaya: wanda ya ƙera motar ya iya sayenta. Yau ɗan shekara 23 da ya fara aiki a layi, sai ya yi da gaske kafin ya shiga a-kori-kurar da yake ɗaura wa ƙofa.

To me ya sa duk suka tattara a kan a-kori-kura? Riba, ba shakka, domin abin da ake samu a babbar guda ɗaya ya ninka na ƙaramar salun sau da yawa. Amma akwai wani dalili da ya fi ba ni dariya, kuma kaji ne silarsa. A farkon shekarun 1960 kajin Amurka masu arha suka cika kasuwar Turai, sai ƙasashen can, musamman Faransa da Jamus ta Yamma, suka lafta musu haraji. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin 100 a kan wasu 'yan kayayyaki, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, da nufin ya taɓa Volkswagen. Ya fara aiki a 1964. An daɗe da mantawa da rigimar kajin, an cire harajin sauran kayan, amma na a-kori-kura yana nan sama da shekara 60. A lokacin da salun 'yar waje ke shigowa da harajin kashi 2.5 kacal, ita a-kori-kura tana zaune cikin shinge. Ba mamaki F-Series ta Ford ta shekara sama da 40 tana kan gaba a ciniki a ƙasar nan. Motar tana da kyau, ina gyara su, na san ƙarfinsu. Amma zakaran da ba a taɓa haɗa shi da na maƙwabta ba, ba a san iyakar carar sa ba. Inda aka yi takara a fili, wato a ƙaramar mota, Detroit ta sha kaye ta tattara kayanta. Inda aka yi mata shinge, nan ta tare.

Maƙwabcina dattijo ne da ya yi shekara 31 a layin haɗa mota kafin ya yi ritaya, ɗan ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan mota ta UAW na gani-kashe-ni. Da rani mukan zauna a ƙofar garejinsa, shi da gwangwaninsa ni da shayina. Shi ya ba ni labarin zagayen farko na wannan wasan. Da ƙasashen Larabawa suka rufe famfon mai a Oktoban 1973, aka wayi gari ana layi a gidajen mai, manyan motocin Detroit masu shan fetur kamar raƙumi suka zama kaya. Ga Toyota da Honda da Datsun da 'yan ƙananan motocinsu marasa ci, marasa laulayi. Ya ce da farko dariya suke yi musu. Kafin 1980 Chrysler sai da gwamnati ta tsaya masa lamunin dala biliyan 1.5. Fushi ya yi yawa a garin nan har ana farfasa motocin Japan da guduma a bainar jama'a, kuma a 1982 wasu mutum biyu suka doke wani saurayi, Vincent Chin, har ya mutu. Ɗan asalin Sin ne ma, ba Japan ba. In dattijon ya zo nan a labarinsa yakan yi shiru na ɗan lokaci.

Gwamnatin Reagan ta matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take turowa zuwa miliyan 1.68 a shekara daga 1981. An ce don a ba Detroit lokaci ta gyara. Abin da Japanawa suka yi kuwa, sai suka haye katangar suka kafa gida a ciki: Honda a Marysville ta Ohio a 1982, Nissan a Smyrna ta Tennessee a 1983, Toyota a Georgetown ta Kentucky a 1988. Tunda an ƙayyade musu adadi, suka koma turo masu tsada, aka haifi Acura da Lexus. Daga baya BMW da Mercedes da Hyundai da Kia da Volkswagen duk suka bi sahu zuwa jihohin kudu, inda ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi. GM da ke riƙe da kusan rabin kasuwar ƙasar nan a farkon shekarun 1960, yau yana wajen kashi 17. A 2021 Toyota ya ma sha gabansa, abin da ba wanda ya yi tun 1931, ko da yake ya karɓe kambunsa a shekarar da ta biyo.

Na 2009 kuwa ba labari aka ba ni ba. Chrysler ya shiga kotun fatara a ƙarshen Afrilu, GM ranar 1 ga Yuni. Gwamnati ta zuba kusan dala biliyan 80. Ford ya tsira ne don tun 2006 ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har tambarinsa mai shuɗin ƙwai, ya ranci biliyan 23 da ɗoriya. A layinmu gida huɗu aka rufe da katako a shekarar. Mutane sukan kawo mota gyara su kasa dawowa ɗauka. Saboda haka in aka tambaye ni ko kamfanonin nan za su iya mutuwa, nakan ce ai biyu sun taɓa mutuwa, gwamnati ce ta tashe su, kuma ba na jin akwai shugaban da zai bari GM ko Ford ya rufe a zamaninsa, ga Michigan da ƙuri'unta. Shi na ukun ma, wato Chrysler, ban san ko har yanzu za a kira shi ɗan gida ba. Tun 2021 Jeep da Ram da Dodge da Chrysler suna ƙarƙashin Stellantis, wanda aka haɗa da gidan Peugeot, hedikwatarsa kuma a Holan.

Wasu kwastomomina in sun ga farashi sai su ce ma'aikata ne, wai yajin aikin da UAW ta yi na mako shida a 2023 ƙarƙashin Shawn Fain, wanda ya samo ƙarin kashi 25 cikin 100 zuwa 2028. Ni ban yarda ba. Farashi ya riga ya tashi kafin a fara yajin. Kuma ana gama shi, a watan Nuwamba, GM ya sanar zai kashe dala biliyan 10 wajen sayen hannayen jarinsa don masu jari su ji daɗi. Wanda yake da irin wannan rarar bai kamata ya yi kukan ladan mai ɗaure noti ba.

Sai kuma harajin Trump. Daga Afrilun 2025 aka sa kashi 25 a kan motocin waje, a watan Mayu kayan gyara suka biyo, ƙarfe da alminiyam kuma suka kai kashi 50 a watan Yuni. A takarda, gata aka yi wa Detroit. A zahiri, duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli tirelolin da ke hawa gadar Ambassador tsakanin Detroit da Windsor ta Kanada ya san motar nan ba a ƙasa ɗaya ake haifarta ba. Ƙarfe ɗaya yakan tsallaka iyakar Kanada ko Meksiko sau da dama kafin ya zama giya ko injin. GM da kansa ya ce harajin zai ci masa tsakanin dala biliyan 4 zuwa 5 a shekarar. Daga baya aka sasanta da Japan da Turai a kan kashi 15, har kamfanonin Detroit suka fito suna ƙorafin cewa motar da aka gama ɗungurungum a Japan za ta iya shigowa da sauƙi fiye da tasu da aka haɗa a Meksiko ko Kanada. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Ni a gareji abin da na sani shi ne kwalin fayafayan birki da lagireto da nake oda, kuɗinsu ba na bara ba ne, kuma mai motar ne ke biya.

Amma duk wannan ƙananan yaƙe-yaƙe ne. Babban yana can ƙasar Sin. A 2023 ta wuce Japan ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da motoci. BYD, kamfanin da ya fara da yin batir, ya sayar da motoci sama da miliyan 4 a 2024, a 2025 kuma ya wuce Tesla a cinikin masu lantarki zalla. Yana da wata 'yar ƙarama, Seagull, da ake sayarwa a can ƙasa da dala 10,000. Shugaban Ford, Jim Farley, ya sa aka kawo masa Xiaomi SU7, motar kamfanin da aka sani da wayar hannu, ya yi wata shida yana tuƙa ta, ya fito fili ya ce ba ya son rabuwa da ita. Na girmama shi da ya faɗa, domin magabatansa dariya suka yi wa Japanawa. Gwamnatin Sin ta zuba wa masana'antar nan tallafi mai yawa, wannan gaskiya ne, kuma ladan ma'aikaci a can ba kamar nan ba. Amma tallafi kaɗai ba ya sa shugaban Ford ya ƙi sauka daga motarka.

A nan gida an rufe musu ƙofa ruf: harajin kashi 100 kan motocinsu na lantarki tun zamanin Biden a 2024, ga kuma dokar hana manhajar Sin a cikin motoci. To amma duniya ba Amurka kaɗai ba ce, kuma a waje Detroit ja da baya take yi. GM ya sayar da Opel da Vauxhall a 2017 ya fice daga Turai, ya bar kasuwar Indiya, ya rufe Holden a Ostareliya. Ford ya rufe masana'antunsa a Birazil da Indiya daga 2021. A ƙasar Sin, inda GM ya taɓa sayar da mota miliyan 4 a shekara, a Disambar 2024 ya rubuta asarar sama da dala biliyan 5. Lantarkin da aka ce shi ne gobe, sashen Ford na wannan harka ya yi asarar biliyan 4.7 a 2023 da biliyan 5.1 a 2024, rangwamen dala 7,500 da gwamnati ke ba mai saye ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2025, a Disamba kuma Ford ya sanar da shafe biliyan 19.5 ya dakatar da F-150 Lightning mai lantarki zalla. A ganina kuskuren a fili yake. Sun ɗauki sabuwar fasaha suka ɗora ta a kan babbar mota mai tsada, alhali Sinawa ta ƙasa suka faro, ta inda Ummi take.

Shi ya sa in aka ce ko za su rayu, amsata ita ce za su rayu, amma a cikin garka. Za su ci gaba da sayar wa mai hali a-kori-kura da jif a bayan katanga, suna ƙanƙancewa a hankali, kuɗi na shigowa, duniya na wucewa. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da suka sallama. Wanda ya fara da Corolla yana ɗan shekara 24, in ya yi aure RAV4 zai saya, in 'ya'ya sun yi yawa Highlander, in ya yi kuɗi Lexus. Na ga wannan a kwastomomina sau ba adadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar su suka yi ta da hannunsu, a daidai wurin da Japanawa suka shigo shekara 50 da suka wuce. Ford ya yi alkawarin ƙaramar a-kori-kura mai lantarki ta wajen dala 30,000 daga masana'antar Louisville ta Kentucky a 2027, har Farley na kwatanta ta da Model T. Ina fatan ta fito, kuma ta fito a wannan kuɗin, kada ta bi hanyar Maverick. Lokaci dai ba ya jira, don a Janairun 2026 Kanada ta amince motocin lantarki na Sin har 49,000 su riƙa shigowa a shekara da ɗan ƙaramin haraji. Windsor kuwa daga bakin kogin Detroit ana hango ta. Ba da daɗewa ba ɗan Michigan zai tsallaka cin abincin dare ya ga motar da aka hana shi a fake a bakin titi, ya tambayi kuɗinta.

Ummi dai Corolla ta saya, fara, sabuwa dal, kuɗinmu ya isa da ƙyar bayan harajin jiha. Ni na so Trax ɗin don sunan Chevrolet, sai ta ce, "Baba, kai fa ka koya mini karanta lambar nan." Haka ne kuwa. Lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, harafinta na farko shi ke faɗin ƙasar haihuwa: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meksiko, J Japan, K Koriya, L Sin. Ta Chevrolet ɗin da K ta fara. Ta Toyota da 5.

Da muka iso gida dattijon yana sharar ƙanƙara a ƙofarsa. Ya jingine shebur, ya tako a hankali, ya zagaya motar sau ɗaya bai ce uffan ba. Sannan ya sunkuya, ya goge gilashin da safar hannunsa, ya karanta lambar.

"Mississippi," in ji shi. "Ba 'yan ƙungiya ba ne." Ya ɗan tsaya, ya dubi Ummi. "Ki riƙa wanke mata ƙasa duk sati har hunturu ya wuce, 'yata. Gishirin nan ba ruwansa da inda aka ƙera ta."

Ya koma ya ɗauki shebur ɗinsa. Ƙarfe shida da rabi ta fita aiki.